Hular Kwano a Layin Wuski

Ina da wata 'yar larura wadda likita ba ya rubuta wa magani: ba na iya yin shiru a cikin layi. A gida sai in wuni ban ce uffan ba, matata Aliyamma shaida ce. Amma da zarar an jera ni bayan wani, an jera wani a bayana, sai bakina ya buɗe da kansa. Ranar Juma'ar da ta wuce, wannan larura ta kusa janyo wa 'yata asarar miji.

Jinsi, 'yata ke nan, ta samu wanda take so. Sunansa Jomon, yaro mai natsuwa, ɗan wani mai gonar roba mai suna Ittup, daga can kan tudu. Aka shirya za su zo ganin gida ranar Lahadi bayan an taso daga coci. Kun dai san yadda ake yi a wurinmu, nan kudancin Indiya. Mata su shige kicin, yara su zauna a falo suna latsa waya, mu maza mu zagaya barandar baya, a kawo soyayyen naman sa da kwakwa, mai gida ya ajiye kwalba a kan tebur. Ba wanda zai ce komai a kan kwalbar. Amma baƙo zai karanta ta kamar sakamakon gwajin asibiti, ya san ko gidan na mutanen kirki ne ko kuwa a je a sake shawara.

Ni kuwa a wannan fage ba sabon shiga ba ne. Shekara da shekaru ni da maƙwabcina Sukumaran, tsohon ma'aikacin gidan waya, muna ɗanɗana wuski muna gwada wannan da wancan. Shi ya fi son mai ƙamshin hayaƙi, irin wanda in ka buɗe sai ka rantse tsohon kwale-kwale aka ƙona a ɗakin. Ni na fi son mai laushi, wanda ya daɗe a gangar katako har ya ɗauko zaƙin busasshen inabi. Abu ɗaya muka yarda a kansa: wanda ake dafawa da ragowar rake, a zuba masa launi, a manna masa hoton barewa da sunan wani dutsen Turawa, wannan suna kawai ya ci, kamar yadda ake kiran titin unguwarmu titi.

Sukumaran ne ya leƙo ta katanga da labarin cewa an sauke wani na sha'ir zalla a shagon gwamnati, kwali ɗaya tak.

"Ka hanzarta, Kuriyan. In ka ajiye wa mutumin nan mai barewa, ko kujerar bai gama zama ba zai tuna yana da jana'iza a wani gari."

Na ce, "Ara mini hular kwanonka."

"Kada ka dawo mini da ita tana warin man gashinka."

A nan ya kamata in jinjina wa Mai Girma Babban Mai Kula da Hantarmu, wato ministan harkar giya, Allah ya ƙara masa lafiya da motocin rakiya. Shi ne ya ga cewa giya muguwar aba ce, bai kamata a bar 'yan kasuwa su lalace da ribarta ba, gara gwamnati ta ɗauki wannan zunubi ita kaɗai. Duk faɗin garinmu shago ɗaya ne. A bangonsa an liƙa hoton hanta mai girman ƙofa, ta kumbura ta yi baƙi, a ƙarƙashinta kuma ga farashi. Bara ya zo da kansa ya yanke ƙyalle, ya buɗe ɓangaren manya mai na'urar sanyaya ɗaki, inda mutum zai zagaya ya zaɓi kwalba cikin mutunci. Bana ya dawo ya sake buɗe shi. Tsakanin buɗewar farko da ta biyu, kwalaye ake tarawa a ciki.

Saboda haka layi muke bi, kuma ba don yabon kai ba, babu layi mai tarbiyya irin namu a duk kudancin Indiya. A asibiti ana ture tsohuwa. A tashar mota ana shiga ta taga. A layin wuski kuwa ba mai tsallake wani, ko ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kowa da hular kwano a kansa, gilashi a sauke. Rabinmu ba su taɓa hawa babur ba. Ni a bas na zo, da hular a cinyata. Ƙa'idar kuma kowa ya san ta: a cikin hula ba wanda ya san wani. Na taɓa tsayawa bayan shugaban mawaƙan cocinmu, na gane shi ta takalminsa, shi ma ya gane ni ta tarina. Ranar Lahadi muka gaisa kamar waliyyai biyu.

Wanda ya tsaya bayana a wannan Juma'ar gajere ne mai kauri, ya naɗe farin zanensa zuwa gwiwa, silifas ɗinsa duk jar laka. Hularsa baƙa ce, gilashinta ma baƙi.

Ya ce, "Yaya, layin yana motsi kuwa?"

Da na ce eh na yi shiru, da yau ba ku da abin karantawa.

Na yi masa bayanin bambancin sha'ir da rake. Na yi masa bayanin ganga. Na gargaɗe shi a kan ƙanƙara, na ce ɗigon ruwa kaɗan ya isa, wanda ya wuce haka rashin tarbiyya ne. Yana ta gyaɗa hula. Can ya ce, "To, wane biki ne ya sa za a sayi mai tsada haka?"

"Surukai za su zo ganin gida. Wani mai gonar roba ne daga kan tudu, wai shi Ittup."

"Allah ya sanya alheri. Mutumin kirki ne?"

"Ban taɓa zama da shi ba. Amma ka san mutanen kan tudu, kuɗi har kuɗi, harshe ne babu. Ina tabbatar maka lemon kwalba zai tuttula a kai. Asarar kwalba dai za a yi, to amma saboda 'ya."

"Haka ne, saboda 'ya."

"An ce in ruwan roba ya ɗiga ƙasa, durƙusawa yake ya kankare da farce."

"Haka aka ce?"

"Haka aka ce. An kuma ce duk makullan gidan a ƙugun matarsa suke."

"Ikon Allah. Sai me kuma aka ce?"

Ban taɓa samun mai sauraro irinsa ba. Na ƙara masa har da abin da ba a ce ba.

Muna isa kanta, ma'aikacin da ke bayan ragar ƙarfe ya ƙwanƙwasa biro, bai ko ɗago kai ba.

"Baba, cire hula."

"Wace hula?"

"Umarni ne daga sama, da safen nan ya iso. An kawo kyamara. Duk mai saye sai an ga fuskarsa. Kai ma na bayansa cire, kada ku ɓata mini lokaci."

Na ɗaga kai. Ga kyamarar nan kuwa, sabuwa fil, ledarta ma ba a gama ɓarewa ba. Wayarta na reto a iska, ba ta shiga ko'ina ba.

Na ce, "Ɗana, ai ba a haɗa ta ba."

"Umarnin bai ce a haɗa ba. Cewa ya yi a cire hula."

Na cire. Na bayana ma ya cire. Gashin baki mai kauri, da wani farin tabo a girar hagu. Na san wannan girar. Jinsi ta nuna mini ita a wayarta, a hoton bikin Kirsimeti, tana cewa, "Ga baban Jomon nan, ka ga yana da fara'a."

Ba shi da fara'a a wannan lokacin.

A kan shiryayye, bayan ma'aikacin, kwalbar sha'ir ɗin ɗaya ta rage. Na ce, "Ba wa yayana nan."

Ittup ya ce, "A'a, ba shi. Ni ba ni da harshe."

"Yaya, don Allah, kai ne babba."

"Asara za a yi. Lemo zan tuttula a kai."

Daga can baya wata hula ta ɗaga murya: "Ku ƙarasa zumuncin a waje mana, wasunmu daga wurin aiki muka sato jiki!"

Muna cikin wannan karamci sai ƙofar gefe ta buɗe. Wani mutum mai guga a wando ya shigo, ba hula, ba layi, ba gaisuwa. Ma'aikacin ya miƙe tsaye, abin da ban taɓa sanin yana iyawa ba. Ya sauko da kwalbar, ya naɗe ta a jarida, ya miƙa da hannu biyu. Direban Mai Girma ne. Ashe Mai Girma yana gari, ya zo buɗe cibiyar raba jama'a da shaye-shaye a tsallaken titi.

Ma'aikacin ya koma kujerarsa ya ce, "Ku zaɓi abin da ya rage da sauri. Za mu rufe sai Litinin. Ta nan ayarinsa zai bi, an ce kada ya ga layi."

Na ɗauki mai barewa. Ittup ya ɗauki mai mikiya. Ƙofar ƙarfe ta sauko a kan sauran bayin Allah, suka watse ba hayaniya, kowa da hularsa.

A waje ana yayyafi. Muka tsaya a bakin titi. Da ƙyar na ce, "Sai Lahadin ke nan."

Ya ce, "In mun samu zuwa."

Ya tsallaka titi ya shiga wata doguwar mota, direba ya karɓi hular ya sa a bayan mota.

Ban gaya wa Aliyamma ba. Mutum ba ya kai ƙarar kansa wurin alƙalin da ke dafa masa abinci. Sukumaran na gaya wa, ya yi dariya har sai da ya dafa katanga.

"Ka ce ku tagwaye ne, ɗan'uwanka ya gani."

"Na ce masa gidana za su zo gani, Sukumaran."

"To ka ce zazzaɓi ne. Ko ka ce a buge kake."

"A layin saye nake, ban saya ba tukuna."

"To ka yi addu'a. Ina hulata?"

Asabar ɗin nan Jinsi ta wuni tana wanke labule tana waƙa, ni kuwa ina zaune ina kallonta. Yarinyar nan ba ta taɓa roƙona komai ba sai wannan. Kuma ina so masu mulki su fahimci ɓarnar da suka yi. Ban ce ba ni da laifi ba. Amma da an bar mana hulunanmu, da na zage shi cikin kwanciyar hankali, ya saurara cikin kwanciyar hankali, ranar Lahadi mu rungumi juna a matsayin dattawa. Da haka gari yake zaune tun kafin a haifi Mai Girma. Titi suka kasa gyarawa, wutar lantarki suka kasa riƙewa, abu ɗaya da talaka ya ƙirƙiro wa kansa yake aiki ba tare da kwangila ba, shi suka ga dama suka cire da kyamarar da ba ta gani.

Lahadi bayan coci, doguwar motar ta tsaya a ƙofar gida. Mata suka shige kicin, yara suka zauna a falo. Ni da Ittup muka zagaya baranda kamar masu zuwa ɗaukar gawa. Na ajiye mai barewa a kan tebur. Ya dube ta. Ya zuge jakarsa ya fito da mai mikiya ya ajiye kusa da ita.

"To, malam mai harshe, koya mini."

Na zuba daga kowacce a kofi dabam. Ya ɗaga na farko ya shinshina, ya ɗiga ruwa kaɗan da ɗan yatsa, ya kurɓa. Ya yi wa na biyu haka. Ya ajiye kofin.

Ya ce, "Barewar fenti ce. Mikiyar kuma abin da ake wanke fentin da shi."

Na ɗanɗana. Ban sami abin gyarawa a maganar ba.

Na ce, "Yaya, game da ranar Juma'a..."

"Wace Juma'a? Ni ina gona ranar Juma'a." Ya ɗauki tsokar nama ya tauna a hankali. "Amma wanda ya gaya maka maganar makullai bai yi ƙarya ba."

Muka ƙara zubawa. Muka zagi kyamara, muka zagi ayarin motoci, muka yi wa cibiyar raba jama'a da shaye-shaye fatan alheri, tunda mun san irin kwalbar da aka buɗe ta da ita. Ya ce akwai wani mai hayaƙi da ƙaninsa ya kawo masa daga ƙasar waje, yana ɓoye a bayan buhunan taki, in na hau tudu za mu gwada. Zuciyata ta ɗan sauka. Na tattara ƙarfin halina na ce, "To batun yaran nan fa? Me ka yanke?"

Kafin ya amsa, Aliyamma ta fito da tiren rogo da miyar kifi. Ta dube ni, ta dubi kwalaben biyu.

"Me za a yanke, Baban Jinsi?"

"Maganar auren mana. Ko za a yi, ko..."

Ta ajiye tiren ta goge hannu a gefen zaninta.

Ashe tun kafin bikin Ista ita da uwar Jomon suka sa rana ta waya, har sun kama zauren coci.