Yadda Za Ka Zaɓi Injin Gugguru Cikin Mako Shida Kacal

Ɗan'uwa, gyara zama. Idan ka bi waɗannan matakai ba ka tsallake ko ɗaya ba, na yi maka alkawari za ka mallaki injin gugguru da babu irinsa a layinku. Shekara ashirin da uku na yi a sashen sayayya na ma'aikatarmu, kuma ko tsintsiya ban taɓa amincewa a saya ba sai an kawo min iri uku na gwada. Kana hannun gwani.

Mataki na ɗaya: Ka samo dalili, sannan ka ɓoye shi

Nawa dalilin Auta ce, 'yata ta ƙarshe. Ta samu gurbin karatu a jami'a mai nisan kwana guda a mota, saura mako shida ta tafi. Tun da ta girma, abin da ke tsakanina da ita bai wuce "Ina kwana, Baba" ba, sai ta shige ɗaki da wayarta. Alhali tana ƙarama, duk Asabar da la'asar nakan soya mana gugguru a wata tsohuwar tukunya mai hannu ɗaya, mu baje a kafet muna kallon fim. Asabar ɗaya irin wannan nake so kafin ta tafi. Tsoro nake ji ta bar gidan nan ba ta da abin tunawa da ni sai faɗan a kashe fitila.

Amma kada ka kuskura ka faɗa mata haka. Uba mai mutunci ba ya cewa, "Zo ki zauna kusa da ni." Inji yake saya.

Da na kawo wa matata maganar, ko ɗago kai ba ta yi daga yankan albasa ba.

"Ga tukunyarka can a ƙasan kabad," in ji ta.

"Tukunya? A wannan zamanin? Yarinya za ta jami'a, ki ce in karrama ta da tukunya mai hannu ɗaya?"

"To, Allah ya ba da sa'a, ranka ya daɗe."

Idan matarka ta ce maka "ranka ya daɗe" da wannan muryar, ka ɗauka yabo ne. Ni haka na ɗauka.

Mataki na biyu: Ka ja jadawali

Samo farin kwali da rula. Ja layuka: sauri, ƙara, wahalar wanki, da adadin ƙwayoyin da suka ƙi fashewa. Wannan na ƙarshen shi ne zuciyar aikin. Manna kwalin a jikin firij inda kowa zai gani ya san akwai mai ilimi a gidan.

Mataki na uku: Gwada mai hura iska mai zafi

Wannan ba ya shan mai ko ɗigo. Na aro shi wajen ƙanwar matata, wadda ta miƙo min shi da saurin da ya kamata ya sa ni tunani. Ka zuba masara ta sama, ka kunna, sai ya hau kuka kamar injin busar da gashi. Shawara daga wanda ya gani da idonsa: ka tara kwano a bakinsa kafin ka kunna. Ni ban tara ba. Har bayan firij na tsinto gugguru, ɗaya kuma a cikin aljihun rigata, bayan kwana biyu, a tsakiyar taro a ofis.

Ɗanɗanonsa kuwa, idan ka taɓa tauna soson katifa, to ka riga ka ci. Gishiri ma ƙin zama yake a jikinsa, ya gangara ƙasan kwano ya jira ka.

Ina durƙushe ina ƙirga waɗanda ba su fashe ba, sai ga Auta a ƙofar kicin. Ƙamshi ya fito da ita.

"Baba, me kake yi?"

"Bincike."

"In ɗanɗana?"

"A'a, wannan na gwaji ne. Kada ki ɓata min ƙirga. Ki jira sakamako."

Ta ɗan tsaya, sannan ta koma ɗaki. Ka lura da tsare ƙa'ida irin tawa. Arba'in da ɗaya ne ba su fashe ba.

Mataki na huɗu: Gwada mai hannun juyawa

Tukunya ce ake ɗorawa a wuta, da wani ƙarfe a murfin da kake murɗawa yana motsa masarar. Gaskiya guggurunsa ya yi daɗi, sai dai kafaɗata ta kwana uku tana tuna min shekaruna. Asabar biyu na ba shi, domin sakamakon farko bai yi daidai da na biyu ba, kuma ƙwararre ba ya yanke hukunci a kan saɓani. Duka Asabar biyun Auta ta leƙo. Duka biyun na ce ta yi haƙuri, an kusa.

Mataki na biyar: Kwanon roba na maikirowef

Yana da sauƙi, yana naɗewa, ba ya cin wuri. Bayan ka kawo shi gida ne za ka tuna ba ku da maikirowef. Kada ka karaya, sabon kwali kawai za ka samo ka fara kwatanta maikirowef iri uku. Ni na ja layi biyu kenan matata ta zare rular daga hannuna ta jefa a aljihun tebur ta kulle.

"Saura mako biyu yarinyar nan ta tafi," ta ce. "Kana sane?"

"Ai saboda ita nake wannan wahalar."

Ta yi min wani kallo ta wuce. Mata ba su cika fahimtar tsarin aiki ba.

Mataki na shida: Je wurin mai shago da fuskar masani

Mai shagon kayan lantarki ya gan ni da kwali a hammata, nan take ya jawo min kujera. Na yi masa tambayoyi goma sha bakwai, ya amsa biyu, sauran ya ce, "Kai, Yallaɓai, ai kai ne za ka koya mana." Daga nan ya yaye wani ƙyalle a lungu. Sai ga inji irin na gidan sinima, ja jawur, da gilashi ta kowane gefe, da fitila a ciki, da tayoyi biyu.

"Wannan ba na kowa ba ne," in ji shi. "Sai wanda ya san abin da yake yi."

Ko gwadawa ban yi ba, na biya kuɗinsa. Shekara ashirin da uku na tsare ƙa'ida, fitila ɗaya ta rushe ta.

Mataki na bakwai: Auna ƙofar kicin

Wannan matakin kamata ya yi ya zo kafin na shida.

Mataki na takwas: Ranar buɗe inji

Da ya ƙi shiga kicin, a falo muka girke shi, ya tare rabin talabijin. Ranar Asabar ta ƙarshe ce, motar da za ta kai Auta tasha za ta zo ƙarfe huɗu, akwatunanta na jere a bakin ƙofa. Ƙarfe uku da kwata na gama karanta takardar bayani. Na kira kowa, na yi ɗan jawabi, na danna maɓalli.

Fitilar ta kawo, kyakkyawa. Sai wani abu ya ce "ɗas" a bango. Fanka ta tsaya, firij ya yi shiru, talabijin ya mutu. Wutar maƙwabta kuwa lafiya lau, ina jin rediyonsu.

Na tsaya riƙe da kofin masara. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Auta ba ta yi dariya ba. Ta karɓi kofin daga hannuna ta nufi kicin, na ji tana jan kaya a ƙasan kabad. Ta fito da tukunyar nan mai hannu ɗaya, ta goge ƙura, ta ɗora a gas, ta zuba mai ba tare da ta auna ba.

"Baba, zo ka danne murfin. Ka san yana tsalle."

Na danne. Masara ta fara buga murfin a ƙarƙashin tafina. Da ƙarar ta ragu na kai hannu zan sauke, ta riƙe ni.

"Bar shi ya ɗan kama. Na ƙasan nan mai ƙauri nake so, yadda kake yi da."

Ashe abin da na ɗauka aibin tukunyar ne, shi take so.

Muka zauna a kafet, mu uku, muna fuskantar talabijin da ba ya aiki. Tana tsince ƙonannun tana ci, ta ce, ba tare da ta kalle ni ba:

"Asabar biyar ina fitowa, Baba. Kullum sai ka ce in jira sakamako."

Na tsinto wani ƙonanne na miƙa mata. Minti ashirin muka samu, direba ya yi hon a waje.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba shi da alhakin fis ɗin lantarki da ya ƙone, ko ciwon kafaɗa, ko kallon da matarka za ta yi maka. Injin sinima yana nan a falo, matata na ajiye zare da allura a cikinsa, duk mai so ya zo da mota da mutum biyu. Tukunyar kam kada ka tambaya, Auta ta naɗe ta a tawul ta tura cikin akwati. Idan kuma ka bi matakan nan daki-daki ka wayi gari ɗakin 'yarka a rufe, kada ka zo wurina neman Asabar ɗinka biyar. Ni ma nawa ban san inda zan karɓo su ba.