Inna Ta Yafe, Inshora Ta Ce Amin

Jiya a Gusau na wuni, kan bencin wani kamfanin inshora, ina riƙe da sandunan Nababa, shi kuma yana riƙe da ƙafarsa. Nababa ɗan kabu-kabu ne, yayan Zuhura, wadda nake tara wa lefe ina kuma rubuta mata waƙoƙin da ba ta karantawa. Tifar wani ɗan kwangila ce ta kwashe shi a hanyar Zugu, ta karya masa ƙauri gida biyu. Maɗori ya yi iya yinsa, amma likita ya ce in ba a yi tiyata a Sakkwato kafin ƙashin ya kama a karkace ba, Nababa ya gama taka giyar babur.

Ni na zuga su Nababa mu je neman diyya. Na karanta cewa doka ta tilasta wa kowace mota inshora, domin in ta ji wa wani ciwo a biya masa magani. Har ƙwalla na yi don daɗi. Ashe manyanmu sun taɓa tunawa da ƙafar talaka!

Sai bayan la'asar manajan kamfanin, Mai Girma Sarkin Dawo-Gobe, ya ga damar ganinmu.

"Sannu da jiki," in ji shi, bai ko kalli ƙafar ba. "Amma ai maganar nan ta wuce." Ya juyo mana da wayarsa.

Kun san al'adarmu. Washegarin hatsarin direban ya zo jaje da dattawa da goro, ya durƙusa a zaure yana kuka. Inna, mahaifiyar Nababa, ta leƙo ta ce, "Tashi ɗana, mun yahe, abin da Allah Ya rubuta ne." Ashe wakilin ɗan kwangila, wanda ya fi kowa ɗaga murya wajen amin, da hannu ɗaya yake shafa addu'a, ɗayan yana ɗaukar bidiyo.

Na ce, "Ranka ya daɗe, direba ta yafe wa, ba ku ba."

"Yafiya ana yin rabinta ne, malam? So kake tsohuwa ta janye ladarta saboda abin duniya?"

Ku ji fa! Mutumin da ya bar mai karaya kan benci tun hantsi, shi ne ya koma yi mana wa'azi. Ya ƙara da cewa mun ɓata hujja da muka yi gaggawar ɗaga Nababa, kamata ya yi a bar shi kwance har jami'insu ya zo ya gani da idonsa.

Nababa ya ce, "A hanyar Zugu? Ranka shi daɗe, jami'in naku shina da mai biya mai kuɗin fansa?"

Allah Ya saka wa manyanmu da alheri. Sun yi doka mai kyan gaske, sun zuba masu tare hanya suna neman takardar inshora kamar ita ce tayar mota. Abu ɗaya suka manta, wanda zai tare kamfanin ranar biya. Wani lauya ya ce mana yafiyar zaure ba lallai ta kashe haƙƙi ba, a je kotu. Na yarda. Sai dai kotu ta iya ɗage zama, ƙashi kuwa bai san ɗagewa ba.

Da muka koma Bukkuyum na kwashe labari na faɗa wa Inna. Ta ce, "Direba ni yahe ma, don shina da lahira. Shi kamfanin ga, in ya mutu wa ka yi mai wanka?"

Da na fito, Zuhura na tsaye a soro. Na buɗe baki zan karanta mata sabon baitina, ta tare ni.

"Lauwali, akwatunan da ka tara, a kai su kasuwa. Ƙafar yaya ba ta jiran kotu. Ni ina iya jira."

Jama'a, ban taɓa son ta kamar lokacin nan ba. Gobe za a kai Nababa Sakkwato, biki kuma sai bayan wata kaka.

Ta ce a hankali, "Ka yahe min?"

Sai da na duba bayan ƙofa, na tabbatar babu mai riƙe da waya, sannan na amsa.