Takardar Aikin Emmanuella

"Lahiya lau na kwana, ganinka dai ya ɓata mani sahiya," in ji Hajiya Mairo ga jikanta, tana gyara zama a kan buhun shinkafa.

Kwana uku ke nan hankalinta bai kwanta ba. Emmanuella, mai ɗaukar waya da rubuta sunayen masu kawo casa a injin Hajiya na Wurno, ta ce in ba a rubuta mata sharuɗɗan aikinta ba, za ta karɓi wani aikin a Rabah. Shi ne Hajiya ta sa jikanta Mujaheed ya tsara takarda. Ga shi ya iso da ita, Emmanuella kuma na tsaye a bakin ƙofa.

"Tsohuwa mai ran ƙarhe! Miji shi kawo maki takarda ki tarbe shi da baƙar magana? Bari in maishe ta takardar saki," in ji Mujaheed.

"Mijin da ko ashana bai taɓa saye mani ba? Karanta, raggo."

Ya gyara murya. "Kamfani zai ba ma'aikaciya motar zuwa aiki."

"Mi kac ce? Mota? Jakin Iliyasu mai ɗauko mani buhuna kaka nuhi, ko baron dusa?"

Mujaheed ya sosa ƙeya. Daga waya ya kwafo takardar, ta wani kamfanin Legas.

"Wanga layi shige mani ya yi."

"Zanen aro ba ya ruhe katara, angona. Ci gaba."

"Tau, nan da hannuna na rubuta, sai ki yi guɗa. Aiki kwana shida, Asabar zuwa Alhamis. Jumma'a hutu."

Emmanuella ta sunkuyar da kai, ta gyara jakarta a kafaɗa. Hajiya ta lura, ta juya ga Mujaheed.

"Kai, ƙaton banza! Shekara biyu yarinyar ga tana nan, ka taɓa ganin ta Lahadi? Coci take zuwa. Jumma'a kau ita ka tsare mani wuri in ma'aikata sun tai masallaci."

"Ke da ko baƙi ba ki sani ba za ki gyara ma mai digiri?"

"Digirin suɗe tukunya! Soke. Sa Lahadi tata ta. Kuma tsakanina da ita, wadda duk za ta rabu da 'yar'uwarta, ta ba ta sanarwar wata guda."

Ya soke, ya sake rubutawa. Emmanuella ta karɓa ta karanta a tsanake, har sau biyu, sannan ta ajiye jakarta.

"Mama, ina zan sa hannu?"

Hajiya ta sauke ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi. Nan, ɗiyata." Ita ma ta dangwala yatsa.

Mujaheed ya fashe da dariya, ya ciro goro daga aljihu. "Na sallama, lauya. Ga ladanki."

"Goro ga mai haƙori biyu? Ɗauko turmi ka daka mani, mugun miji!"