Kwana Dubu na Bwana Lafiya Lau

Duk faɗin garin Mafinga babu mai warkarwa irin Bwana, wato Maigida, Deogratias Kihwele. Likita sai ya yi ɗinki, ya ba da magani, ya jira. Shi kuwa da biro kawai yake warkar da mutum, tun jinin bai bushe ba. Shi ne jami'in kiyaye haɗari da ladabtarwa a ma'aikatarmu ta tsaga katako, kuma tun ranar da ya hau kujerar nan babu wanda ya ƙara jin rauni. Yatsu dai suna ta raguwa, amma wannan wani zance ne daban.

Mu muka raɗa masa Bwana Lafiya Lau. Ya ɗauka yabo ne, har amsawa yake yi.

A bakin ƙofa ya kafa wani koren allo mai cewa KWANAKIN DA MUKA YI BABU RAUNI. Kullum ƙarfe bakwai, cikin sanyin nan mai kaɗa haƙora, zai fito da farar hular kwano wadda ƙurar katako ba ta taɓa sauka a kanta ba. Ya canza lambar, ya ja baya taku uku, ya tsaya yana kallonta kamar uban da ɗansa ya zo na ɗaya. Sannan ya juyo gare mu.

"'Yan'uwana ma'aikata, in kunne ya ji, jiki ya tsira. Zarto bai taɓa bin kowa gida ba. Mutum ne yake kai kansa wurin zarto."

Shi dai bai taɓa kai kansa ba. Ya ce ƙarar injin tana hana shi tunani.

Dokar da hedikwata ta aiko daga birnin Dar ta ce rauni ba ya shiga lissafi sai in ya hana mutum zuwa aiki washegari. A nan baiwar Bwana ta bayyana. Ya share wani ɗaki a bayan sito, ya laƙaba masa Sashen Ƙaramin Aiki. Duk wanda aka ɗinke yau, gobe da asuba ɗan acaɓa na ƙofar gidansa. A kawo shi ya sa hannu a littafi da hannun da ya rage, a zuba masa shayi, ya wuni yana ware lanƙwasassun ƙusoshi daga miƙaƙƙu. Takardar hutun da likita ta rubuta kuwa, Bwana yana da aljihun tebur na musamman dominta. Akwai makon da sashen nan ya fi rumfar zarto cika.

In ka tambaye shi, ƙaunarmu ce ta sa. Amma kowa ya san akwai wata kujera a Dar, hawa na uku, tagarta na kallon teku, kuma wanda ya cika kwana dubu ake sa ran zai hau ta. Matarsa har ta fara rabar da rigunan sanyinta, tunda can garin zafi ne. Abin da ba ya faɗa shi ne ubansa ma mai tsaga katako ne, kuma da yatsa takwas aka binne shi. Wani in ya tashi a irin wannan gida sai ya tsani zarto. Shi sai ya tsani masu riƙe da shi.

Saura kwana tara a cika dubu, zarto na uku ya ci yatsu biyu na Mzee, wato Dattijo, Titus Mlowe. Shekara ashirin da biyu tsohon yana kan injin nan, saura biyu ya yi ritaya. Murfin kariyar zarton kuwa tun bikin Ista aka cire shi, wai yana rage sauri. Likitar asibitin gari ta ɗinke abin da ya ɗinku, ta rubuta masa hutun mako uku.

Da yamma sai ga Bwana a gidan, ayaba a hannu ɗaya, littafi a ɗayan. Mama Zawadi, matar tsohon, ta cika ƙofa.

"Ayaba mun gode, Bwana. Littafin koma da abinka."

"Haba Mama, hannu kawai zai sa."

"Wane hannun? Wanda kuka bari ko wanda zartonku ya karya kumallo da shi?"

Washegari ɗan acaɓa ya dawo shi kaɗai. Kowa ya zuba wa allo ido. Ƙarfe bakwai daidai Bwana ya ƙara kwana ɗaya, ko gezau. Ya riga ya warware matsalar da irin kaifin basirarsa: tunda babu rauni a rubuce, babu hutun jinya; tunda babu hutun jinya, Mzee Mlowe fashin aiki yake yi. Fashin kwana uku kuwa hukuncinsa kora ne, babu diyya, babu kuɗin sallama.

Aka kira zaman ladabtarwa. Tsohon ya zo da hannu rataye a wuya. Kusa da shi Mama Chengula ce, wakiliyar ƙungiyar ma'aikata, mace mai magana a hankali kamar ba ta san komai ba. Bwana ya miƙe, ya gyara kwat.

"Ni ba mutum nake hukuntawa ba. Ɗabi'a nake hukuntawa. Yau in na ƙyale wannan, gobe kowa sai ya tsinke yatsa ya je ya kwanta."

Ya tura musu takardar kora, wadda sai Dar ta sa hannu take aiki. Layi ɗaya ne tak: fashin aiki ba izini. Mama Chengula ta juya ta gaba da baya.

"Shi ke nan? Bwana, ai ko mai gadi zai rubuta wannan. In ta isa Dar wa zai san daga hannunka ta fito? Mutum mai ilimi irinka! Kuma tsohon nan ai sakaci ya yi. In ba ka fayyace musu sakacin ba, sai su ce zalunci ne."

Mzee Mlowe ya zaro ido. "Ke 'yar nan, kare ni aka turo ki yi ko binne ni?"

"Yi shiru, Mzee, manya na magana."

Kwana biyu Bwana ya rufe ofis yana rubutu. Shafi huɗu ya cika. Ya sa rana, ya sa sa'a, ya sa lambar zarto da yawan yatsu. Ya zana hoton inda tsohon ya tsaya. Ya jaddada cewa laifin ya ninku, domin wanda ake tuhuma ya fi kowa sanin an cire murfin tun Ista. Da ya karanta ya ji daɗin kansa, sai ya ga asara ce mutum ɗaya ya more irin wannan rubutu. Ya aika wa darakta, ya aika wa ofishin ƙwadago.

Ranar cika dubu aka kafa rumfa, aka gasa awaki biyu, aka ɗauko mawaƙan coci. Kowa ya sa sabuwar riga mai lamba dubu a ƙirji, har mutanen Sashen Ƙaramin Aiki, waɗanda aka jera a baya don kada bandejinsu ya ɓata hoto. Darakta, Mama Lyimo, ta iso daga Dar da wasiƙar a jakarta. Ta ce ba ta taɓa karanta irinta ba, ko Bwana zai taimaka ya karanta wa jama'a shafi na biyu a lasifika?

Ya karɓa yana murmushi. Ya karanta rana da sa'a da murya mai kauri. Da ya kai kan yatsu muryar ta fara sirancewa. A kan murfin zarto ta ɗauke gaba ɗaya.

"To, Bwana Kihwele, wannan ba rauni ba ne?"

"Ranki ya daɗe, ai... sakaci ne da ya zo da ɗan jini."

Ta ce mutanen layin baya su matso gaba. Ta kalle su ɗaya bayan ɗaya. A take aka soke korar Mzee Mlowe, aka ba shi hutunsa da alkawarin diyya, aka ce a mayar da murfi kafin injin ya ƙara motsi. Allo ya koma sifiri. Bwana kuma zai gurfana gaban kwamitin ladabtarwa ranar Litinin, ƙarfe goma. Masu magana sun ce rana dubu ta ɓarawo. Ba su faɗa mana cewa da hannunsa yake ƙirga su a bakin ƙofa ba. Awakin dai mun cinye.

Wanzami ba ya son jarfa. Litinin da safe sai ga Bwana a asibiti, dafe da ƙirji, yana nishi, yana neman hutun jinya ko da na mako uku ne. Likitar ta auna jininsa, ta saurari zuciyarsa, ta leƙa idonsa. Sannan ta kama hannayensa biyu ta ƙirga yatsun a fili.

"Goma cif," ta ce, ta jawo takarda. "Shekara uku ina ɗinkin mutanen ma'aikatarku. Kai ne na farko da zan rubuta wa 'zai iya aiki' hankalina kwance. Yi sauri, Bwana, goma saura kwata."