Yadda Na Shiga Fim da Busasshen Kifi

Ko zan manta komai, ba zan manta da ranar da na doki bawan Allah da tarwaɗa a tsakiyar Kasuwar Jalingo ba.

Busasshen kifi nake sarowa daga Lau, da shi na raini 'ya'yana uku ni kaɗai bayan rasuwar babansu. Ranar ina zaune a rumfata wajen ƙarfe goma, sai na hango wani mai ƙaton ciki yana jan 'yar jaririya daga hannun wata matashiya. Matar tana kuka, shi kuma yana cewa yarinyar jinin gidansu ce, yau zai tafi da ita. Mutane sun tsaya cirko-cirko suna kallo kawai.

Haka dangin mijina suka taɓa ɗauke mini autata, sai da na yi shekara biyu ina zarya kafin ta dawo. Ban san lokacin da na tashi ba. Na zari tarwaɗa mafi girma a tire (har yau ina jin zafin asararta), na sauke masa a ƙeya.

Na ce, "Kana ina lokacin da take kwana da zazzaɓi? Ka taɓa saya mata ko sabulu?"

Mutumin ya dafe kai, matar ta daina kuka nan take. Da na leƙa zanin da aka naɗe jaririyar, ashe 'yar tsana ce a ciki. Sai ga wata budurwa ta sauko daga Keke Napep da mai kyamara a bayanta. Fim suke ɗauka a kan uwa mai rainon 'yarta ita kaɗai, sun ɓoye kyamarar ne don kada 'yan kasuwa su cika wurin. Kowa a layinmu ya sani, ban da ni da na makara.

Kasuwa ta ɗauki dariya. Ina tsaye da jelar kifi a hannu, na rasa inda zan sa fuskata. Na durƙusa ina ba mutumin haƙuri (ashe malamin makaranta ne a Kona, ko kaza bai iya tsawata wa), yana kakkaɓe ɓurɓushin kifi daga wuyan riga.

Budurwar, wadda ita ce mai fim ɗin, ta kama hannuna ta ɗaga ni. "Mama, wata uku ina neman abin da za a faɗa a wurin nan ban samu ba. Kin yarda mu bar shi yadda yake?"

Na yarda, don kunya ta hana ni musu.

Ranar da aka haska fim ɗin, 'ya'yana suka ja ni dole. Da aka zo wurin da na doki mutumin, na rufe fuska da mayafi, sai na ji zauren ya kaure da tafi, mata suna miƙewa tsaye. Autata ta riƙe hannuna har aka tashi.

Yanzu in na ga ana rigima, sai na fara duba ko akwai kyamara. In babu, to mai ƙaton ciki ya yi ta kansa.