Keken Alhaji Gwadabe Mai Lamba Sittin da Biyu

Ina tsugune gaban daron ruwa a rumfata ta gyaran keke a Malumfashi, na nutsa robar taya ina neman inda iska ke fita, sai waya ta yi ƙara. Najiba ce, babbar 'yar Alhaji Gwadabe. Ta ce, "Baba Sama'ila, abokinka ya rasu. Yanzu da hantsin nan, yana zaune ana dama masa koko." Na yi inna lillahi. Hannuna ya daɗe a cikin ruwan bayan ta kashe wayar.

Shekara hamsin da biyu muna tare, tun muna tsaron tsuntsu a gonar gero. In za a yabi Gwadabe, ni ya kamata in yabe shi, kuma zan yabe shi yadda yake so, wato da girma.

Allah Ya yi babban mutum a ƙasar nan. Daga kasuwar Dandume har Funtua, da wuya buhun masara ya hau mota bai ji muryar Alhaji Gwadabe ba. Komai nasa babba ne. Babban gida, babbar mota, babbar murya. Rigarsa, in aka shanya ta, sai maƙwabta su rasa rana. Wayarsa da hannu biyu ake riƙe ta. Abu ɗaya ne kawai ya ƙi bin wannan tsari, shi ne mai kayan kansa. In ya tsaya bayan buhu uku da aka jera a kan juna, sai dillalai su fara tambayar ko Alhaji bai zo kasuwa ba yau. Maroƙa suna ce masa Rimin Malumfashi, yana ba su kyauta. 'Yan dako kuwa, in ya ba da baya, Hula Ta Fi Mai Ita suke ce masa. Hular ce dai da gaske. Doguwa ce, a tsaye take ƙyam, akan yi masa ita musamman, kuma ba mahaluƙin da ya ga kansa babu ita tun dawowarsa daga Makka.

Bara, bayan an gama yankan dawa, likita a Funtua ya duba shi ya ce sukari ya yi yawa, jini ya hau, ƙafa ta fara kumbura. Ya ce ko dai Alhaji ya riƙa motsa jiki kullum, ko kuwa abin zai kwantar da shi. Ya ba da shawarar keke, tunda gwiwarsa ba ta son doguwar tafiya. Alhaji ya fito ya tarar da ni da direbansa a jikin mota, ya gyara riga ya ce, "Likita ya ce bai taɓa ganin ginin jiki irin nawa ba. Ya ce ɓarna ce a bar shi cikin mota."

Na ce akwai wani keke a rumfata, tsoho ne amma lafiyayye, daidai shi. Ya dube ni da tausayi.

"Sama'ila, ni zan hau keken da ake kai taki gona? Mutum irina in zai hau keke, sai wanda Turawa ke tsere da shi. Wanda in ya wuce, mutane za su tambayi juna ko iska ce."

Najiba ta samo masa wani mai sayar da irin waɗannan kekuna a Abuja. Mutumin ya ce keken tsere ba a sayensa da ka. Lamba gare shi kamar takalmi, in ya yi girma ko ya yi kaɗan, ba ya hawuwa. Awo biyu yake so: tsayin mutum ba hula ba takalmi, da kuma tsawon ƙafa ta ciki, daga inda ƙafafu suka rabu zuwa ƙasa.

Shekara arba'in ina cin abinci da keke, amma ba ni aka kira ba. Malam Bature tela aka kira, wanda ke yi wa Alhaji ɗinki tun aurensa na fari. Shi kuwa Malam Bature mutum ne mai ladabi, kuma kowa ya san al'adarsa. Ba ya auna babban mutum ya tsaya inda tef ya tsaya. Sai ya ƙara inci uku, ya ce na girma ne. Da wannan inci ukun ya riƙe manyan garin nan shekara talatin.

A zaure aka yi awon, gaban dillalai da 'yan zaman hira. Alhaji ya miƙe da takalminsa mai tudun dunduniya. Wani ya tuna masa an ce a cire hula.

"In cire hula? Gaban jama'a? To in na hau keken, a gida zan bar ta?"

Aka ga gaskiyarsa. Malam Bature ya hau kujera, ya ja tef daga ƙasa har ƙololuwar hula, ya ƙara na girma, ya ɗaga murya ya ce ƙafa shida da inci ɗaya. Zaure ya ɗauki masha Allah.

Saura awo na biyu. Malam Bature ya durƙusa da tef a hannu, ya ɗago kai, suka haɗa ido.

"Malam Bature, ina za ka da wannan tef ɗin?"

Tela ya naɗe kayansa da sauri ya ce ai ba sai an wahalar da Alhaji ba, tsawon wandonsa ya san shi da ka, inci talatin da takwas. Haka ne kuwa. Sai dai tela daga ƙugu yake auna wando, ta waje, har da abin da ke taruwa a kan takalmi. Wannan lambar aka aika Abuja a matsayin tsawon ƙafa ta ciki.

Mai kekuna ya bugo waya da kansa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan ƙafafun naka ba kasafai ake samun irinsu ba."

Alhaji ya ce, "Gado ne."

Mutumin ya ce to sai lamba sittin da biyu.

"Akwai wanda ya fi shi girma?"

"Babu, ranka ya daɗe."

"To shi."

Kafin keke ya iso, Alhaji ya riga ya sanar a taron 'yan hatsi cewa zai tuƙa shi daga Malumfashi zuwa Kafur ya dawo, kuma duk mai babur da ke jin kansa yana iya biyo shi, in zai iya.

Ranar da kwali ya iso, sai aka tuna da ni, don a ɗaura. Gaskiya ban taɓa taɓa abu mai kyau irinsa ba. Baƙi wuluk, tayoyi sirara kamar yatsa, kai a lanƙwashe kamar ƙahon rago. Da yatsa biyu na ɗaga shi. Firam ɗin, wato gangar jikinsa, ba ƙarfe ba ne, wani abu ne da suke kira kabon. Kuɗinsa kuwa, ƙaramar mota. Na gama ɗauri na tsayar da shi kusa da mai shi, na sauke sirdi har ƙarshe. Sirdin ya tsaya daidai aljihun gaban rigarsa.

Na ja shi gefe na ce, "Gwadabe, wannan ba naka ba ne. Keke daidai mutum, in ka tsaya da shi tsakanin ƙafafunka, sai yatsa biyu sun shiga tsakaninka da sandarsa ta sama. In feda ta sauka ƙasa, gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Hannu ya kai birki ba tare da ka kwanta ba. A mayar a sauyo."

Ya waiwaya ya ga jama'a sun cika ƙofar gida. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ku ji Sama'ila! Ya saba da kekunan talakawa, ya ga na manya ya tsorata. A mayar a ce me? A ce Alhaji Gwadabe ya yi wa keke kaɗan?"

Daga kan dakali ya hau. 'Yan dako biyu suka riƙe, na uku ya tattare babbar riga ya ɗora masa a kafaɗa. Da ya zauna, ƙafafunsa suka yi ta lilo a sama suna neman feda. Ya miƙa hannu zai kama kai, sai da ya kwanta rub da ciki a kan sanda, hula ta nuna gabas. Ya ce a saki. Aka saki.

Layin gidansa gangare ne. Keken ya yi abin da aka ƙera shi ya yi. Wallahi mutane sun tambayi juna ko iska ce. Yatsunsa ba su kai birki ba, sai salati kawai muke ji yana nisa. Allah Ya taimake mu, a ƙarshen layin akwai tulin auduga da ake jiran a kai awo. A ciki ya sauka. Muka isa da gudu muka tono shi fari fat, hannunsa ɗaya dafe da hula.

Ya tofar da auduga ya ce, "Lafiyar gudunsa na gwada. Yana da kyau."

Daga nan aka shiga neman dabara. Kafinta ya ɗaura katako a kan feda, katakon ya zame. Aka kai wa mai walda a ce ya yanke firam ya rage tsawo, kamar yadda ake yi wa amalanke. Mai walda ya ƙwanƙwasa, ya shinshina, ya ce wannan abin in ya ga wuta narkewa zai yi kamar bokitin roba, shi ba ruwansa. Tafiyar Kafur kuwa an yi ta, kada wani ya ce ba a yi ba. Keke ya je a bayan a-kori-kura, Alhaji a gaba. A bakin gari aka sauke, ya hau wani dutse ya dafa sirdi, aka ɗauki hoto daga ƙugu zuwa sama. Hoton yana nan a shagonsa.

Bayan haka keke ya koma bangon falo, an rataye shi sama da talabijin. Duk baƙon da ya zo sai an sa shi ya ɗaga da yatsa biyu. Ƙafar Alhaji kuwa tana ta kumbura, har takalmin nan mai tudu ya daina shiga. Matarsa Hajiya Hansai ta aiko mini sau uku. Ta ce, "Malam Sama'ila, keke yana bango, mutum yana ƙarewa. Ka yi masa magana." Na yi. Ya ce yana jiran damina ta wuce ne.

Wata safiya ina kan hanyar gonata ta wajen Kafur, sai na hango wani abu baƙi yana tafe a karkace. Gwadabe ne, shi kaɗai. Ya zura ƙafa ɗaya ta ƙarƙashin sanda, ya rataya a gefe yana tuƙi, yadda muka koyi keke a kan na kawunsa muna 'yan shekara tara. Gumi ya jiƙa shi sharkaf. Da ya gan ni ya tsaya yana haki.

"Sabon salo ne. Haka suke yi a Turai yanzu."

Na ce na ji labari. Na kau da kai, don ban san ko dariya ce za ta fito ko kuka ba.

Kwana goma kafin rasuwarsa, tsakanin azahar da la'asar, lokacin da layinmu ba kowa, sai ga shi a rumfata. A ƙasa ya zo, ba direba. Ya ce in jawo ƙyaure. Ya zare silifas. Sannan ya sa hannu biyu ya cire hular ya ajiye a kan benci. Furfura ce ƙal, da sanƙo a tsakiya. Ashe abokina ya tsufa a ƙarƙashin hular nan ban sani ba.

Ya jingina da bango ya ce, "Auna. Irin na gaskiya."

Na auna. Ƙafa biyar da inci biyu. Na sa guntun katako tsakanin ƙafafunsa, ya kalli rufi yana istigfari, na ja tef zuwa ƙasa. Inci ashirin da takwas. Na ce lamba arba'in da takwas ce tasa.

"Akwai wanda ya fi shi ƙanƙanta?"

Na ce akwai ɗaya. Ya ce alhamdu lillahi.

A gabana ya buga wa mai kekuna, ya ce yana so a sauya masa, wai zai ba wani ƙanensa ne, gajere. Mutumin ya yarda, ya ce mako biyu. Har yau keken bai iso ba.

Ranar jana'iza, da aka kawo karan dawa za a auna shi a kai wa masu haƙa kabari, ni na karɓa. 'Ya'yansa sun ga na rufe fuska da hannun riga, sun ɗauka kuka ne kawai. Kukan ne, amma har da tuna maganarmu ta ƙarshe. Ran nan a rumfata, bayan ya mayar da hula ya daidaita ta a jikin madubin wani babur, ya kai bakin ƙofa sai ya juyo.

"Sama'ila."

"Na'am, Alhaji."

"Ranar da za a auna ni da kara, kai za ka riƙe."

"In na riga ka fa?"

"Yaushe ka taɓa riga ni wani abu? Kai za ka riƙe. Ka ƙara mini taƙi ɗaya."

Na ce, "Haba Gwadabe, masu haƙa ba sa karɓar awon tela."

Ya shafa gemu, kamar an taya masa buhu.

"To, yatsa biyu."

Na ce, "Ɗaya. Kuma ban da hula."

Ya ce, "Albarka!"