Kogin da Ya Haifi Soyayyen Kifi

Jama'a, ranar Litinin na shiga ɗakin gwajinmu na haɗaka, na zura ƙafa a takalmin aiki, sai na ji caɓal. Rabin dafaffen ƙwai! A ɗakin da ko atishawa ka yi sai Bu Sumirah ta harare ka har ka nemi gafara.

A nan wajenmu Bu ake ce wa mace don girmamawa, namiji kuma Mas ko Pak. Ni ƙasar gona nake gwadawa, ita ce mai harkar kifi. Injin da dukkanmu muke bin layi a kansa, in ka ba shi ruwan kogi, sai ya duba ɗan ɓurɓushin da halittu ke zubarwa a ciki ya faɗa maka duk wanda ya ratsa wurin. Damina guda baiwar Allah ta yi tana ɗebo ruwa a ƙasan wata masana'antar rini, don ta nuna wa hukuma kifin mutanen ƙauyen da ke bakin kogin ya ƙare. In ta nuna, a toshe bututun da ke zuba musu dauɗa.

To ashe ranar Asabar wani babba a hukuma da muke kira Babanmu Mai Almakashi, Allah ya ƙara masa abin yankawa, ya zo buɗe injin da tun bara muke aiki da shi. Kun san mu, ko banɗaki ba ma buɗewa sai an yanke kan tulin shinkafar bikin da muke kira tumpeng. Ina za a ajiye wannan tulin shinkafa rawaya, da kajinta da ƙwanta da gyaɗarta da ƙananan kifin teku soyayyu? Masu shirya biki suka duba, suka ga babu tebur mai tsabta kamar na Bu Sumirah. Wallahi gaskiyarsu, babu. Da aka ci aka ƙoshi, Babanmu ya bi kwalabenta na ruwan kogin da hannun maiƙo yana buɗewa yana leƙawa, don mai hoto ya sami abin ɗauka.

Da sakamako ya fito, na same ta ta zuba tagumi.

"Mas Darto, zo ka gani. Kogina cike yake da kifi."

"Alhamdulillahi, Bu!"

"Kifin teku fa, Mas! A kan tsauni! Ga kaza, ga gyaɗa."

Na tuntsire da dariya, sai na ga idonta ya kawo ruwa, na haɗiye sauran. Ruwan damina ba ya dawowa sai baɗi. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ta tafi ta yi wa sakataren Babanmu bayani.

Ya ce, "Bu, wato injin ƙarya yake yi?"

"A'a, Pak, abin da ya gani ya faɗa, amma..."

"To madalla."

Washegari aka sanar cewa kogi ya warke sarai, har kifin teku na ƙaura zuwa cikinsa, saboda haka babu dalilin taɓa bututun kowa.

Ni dai na jinjina wa Babanmu. Masana sun yi shekaru suna neman yadda za a mai da kifi kogin nan, shi kuwa da cin rana ɗaya ya gama aikin. Mutanen ƙauye kuma, ku rataye tarunku, ku tafi bakin ruwa da faranti, don kifin da hukuma ta gano muku soyayye ne.